Ranar Da Na Ce Wa Gwaggo Hansai "Kai"

Jiya a bakin ofishin ilimi na ji ɗayanku yana gunaguni, wai da takardarsa ta kwaleji sukutum aka ɗauke shi aka ba shi aji ɗaya, ajin masu majina. Har yana cewa ai wannan ko ƙanwarsa ta iya, waƙa ce kawai da tafi. Na yi dariya har sai da na dafa sandata. Ku matso ku ji. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina buɗe aji ɗaya, kuma a ƙasar da ba tawa ba na fara.

Sunana Isyaku, amma duk ƙasar Gwaram Malam Ɗan Gana suka sani. A zangon Kumasi aka haife ni. Kakana bafatake ne, daga ƙasar Kano ya bi ayarin goro ya je can, ya yi aure ya zauna. Mu a zango da Hausa muke ciniki, da ita muke faɗa, da ita muke shiryawa. Na gama kwalejin horon malamai, na koyar shekara biyu, sai labari ya iso cewa Nijeriya ta samu mai, gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, an gina azuzuwa an rasa masu koyarwa. Abokaina da ba sa jin Hausa suna ta fargabar Arewa. Ni kuwa ƙirji nake bugawa, ina cewa ai gida zan koma. Na ɗinka farar kwat, na sayi takalmi sau-ciki mai ƙyalli, na haye saman motar goro. Kwana huɗu ina zaune a kan huhun goro, ina ɗaga wa mutanen da ban sani ba hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

A Kano da Turanci aka yi mini tambayoyi, don haka babu wanda ya gano ni. Kano ta tura ni Birnin Kudu, Birnin Kudu ta tura ni Gwaram, Gwaram ta tura ni wani ƙauye gaba da Zandam, inda hanyar mota ta ƙare tun da sauran tafiya. Wani bawan Allah ya ɗora akwatina a jakinsa, na bi su a baya cikin kwat, dawa ta fi ni tsawo hagu da dama.

Hedimastan makarantar shi ne Malam Haruna, mutumin Kiyako, dogo siriri, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. A hannunsa na koyi aikin nan, don abin da aka koya mini a kwaleji bai wuce ƙofar aji ba. Ya dube ni tun daga takalmi har wuya, ya ce, "Sannu da hanya, Malam. Cire wannan farar rigar ka nemo tsumma. Saura kwana shida a buɗe makaranta, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya."

Allo muka fara yi. Ku yanzu kuna shiga aji ku tarar da shi a shirye. Namu shafen siminti ne a jikin bango, fari fat. Muka bi gidajen masu rediyo muna roƙon mataccen batir, muka farfasa, muka kwashe baƙin garin da ke ciki, muka kwaɓa da jiƙaƙƙen ƙaro. Sau uku ake shafawa, kowane shafi sai ya bushe. In ƙaro ya yi yawa allon ya yi santsi, alli ya riƙa zamewa. In ya yi kaɗan, duk baƙin a rigarka zai ƙare. Da ya bushe Malam Haruna ya sa na rubuta baƙi ɗaya a kusurwa, ya kai ni ƙarshen aji, ya danna kafaɗata har na tsuguna. Ya ce, "Daga nan yaro yake kallo. Kana gani?" Ban gani ba. Tun daga ranar ban sake rubuta wa aji ɗaya baƙin da bai kai tafin hannuna girma ba.

Alli kuwa kashi uku ake karya shi, don dogo a hannun malami mai ɗoki karyewa yake ya faɗi. Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne rataye a reshe. Muka tara 'ya'yan tsamiya a gwangwanayen madara don ƙirga, muka ɗebo yashi daga rafi muka baza a inuwa, don a yashi yatsa yake fara rubutu kafin ya san fensir. Rajista kuma Malam Haruna a cikin fatar akuya yake naɗe ta ya rataye a sama, saboda gara.

Duk kwana shidan nan ina ta zuba masa Hausa, shi kuwa sai ya riƙa yin tari yana kallon gefe. Ana gobe buɗewa ya ce, "Malam Isyaku, gobe kai ka riƙa rubutu, ni in riƙa magana." Na ce to. A raina na ce kishi ne, ya ga baƙo mai baki.

Ranar buɗewa damina na ja da baya, gero ya nuna. Dagaci ya sa an yi shela, tun hantsi filin makaranta ya cika. Na maida kwat ɗina, na zauna a tebur da rajista. Babu mai takardar haihuwa, don haka gwaji ɗaya ne: yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kamo ya isa shiga. A nan na ga abin mamaki. Wani uba yana jan hannun ɗansa ɗan shekara huɗu kamar zai tsinke shi, don ya kamo. Wani kuma ya kawo ƙato wanda muryarsa ta fara buɗewa, ya raɗa masa ya maƙale kafaɗa kada ya kamo, don shi ke korar masa tsuntsu a gona. Kafin rana ta ɗaga na rubuta Muhammadu tara. Dole muka raba musu: Muhammadu Dogo, Muhammadu Bakin Rijiya, Muhammadu Mai Giɓi, har wanda muka rasa abin ce masa muka bar shi Muhammadu Kawai. Har ya tsufa haka ake kiransa.

Sai Malam Haruna ya buga wili don a yi layi. Yaran nan ba su taɓa jin ƙarar ba. Ɗaya ya dubi farar kwat ɗina, ya dubi biron da ke hannuna, ya kurma ihu, "Mai allura ne!" Kafin ka ce kwabo fili ya watse. Wasu ta taga, wasu ta tsakanin ƙafafun iyayensu, dawa sai motsi take. Hedimasta ya tattare riga ya bi su, iyaye suka bi hedimasta. Aka bar ni ni kaɗai a tebur.

A daidai lokacin wata tsohuwa ta iso, gajera, da sanda, 'yan mata goma sha ɗaya na biye da ita a jere, kowacce da sabon kitso. Ta ce, "Sannu da aiki, Malam."

Kafin in faɗa muku amsar da na ba ta sai kun san wani abu. Hausarmu ta zango ba ta da mace. Babu ke, babu ita, babu ta. Uwana ya dafa tuwo, kanwana ya tafi kasuwa, haka muke cewa, babu mai jin komai. Ga shi kuma harshenmu bai san ƙ da ɗ da ɓ ba.

Na washe baki na ce, "Yawwa! Kai, matso nan. Duka yaranka ne?"

Ta waiwaya ta duba ko da wani namiji a bayanta. Ta ce, "Da wa kake?"

Na ce, "Da kai mana." Na nuna wata 'yar yarinya mai 'yan kunne. "Wannan yaya sunansa?"

Tsohuwa ta saki salati. Ta ce, "Ni Hansai, da na yanke cibiyar rabin garin nan har da ta dagaci, yau ni ce kai? Mutumin da bai bambance mace da namiji ba, me zai koya wa 'ya'yan mutane? Ku wuce mu tafi." Ta juya, suka bi ta kamar 'yan tsaki. Kafin azahar sauran matan da suka kawo 'ya'ya sun ji, sun zo sun kwashe nasu. Ba a bar mana yarinya ko ɗaya ba.

Malam Haruna ya dawo da yaro a kowace hammata, ƙaiƙayi duk a hularsa. Na ba shi labari ina dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Gwaggo Hansai ke nan, ungozomar garin nan. Wata uku na yi ina zarya gidanta kafin ta yarda. In ta ce a kawo 'ya mace an kawo, in ta ce a'a ko dagaci bai isa ba. Nan da sati biyu sufeto zai zo. An gaya mana makarantar da ba 'yan mata za a rage mata malamai. Ka san wanda za a fara ragewa?"

Na sani. Ko akwatina ban gama kwancewa ba.

Bayan la'asar muka nufi gidanta. A hanya ya koya mini magana ɗaya tak: Gwaggo, ki yi haƙuri, ke uwata ce. Na yi ta maimaitawa kamar mai hadda. Muka tarar da ita a ƙofar gida tana kaɗi, matan gidan sun laɓe bayan zana suna leƙe. Na durƙusa, na ja numfashi, na ce, "Gwaggo, ka... ki yi hakuri. Ke uwana ne."

Zana ta girgiza. Wata har da faɗuwa, na ji ƙarar kwano. Gwaggo ta cije leɓe, ta yi ƙoƙari, ta kasa, dariya ta ƙwace mata har mazari ya suɓuce ya gangara. Da ta samu numfashi ta ce, "Haruna, ashe ba rashin kunya ba ne, lalura ce. Daga ina kuka samo shi?"

"Daga Gana, Gwaggo."

"Allah sarki. Baƙo makahon gari. To, gobe zan dawo da su. Amma ni ma da ni za a shiga ajin, kada ya mayar mini da jikoki maza."

Haka kuwa aka yi. Washegari ta zo da tabarmarta da karan dawa ta zauna a bayan aji. Duk sanda na yi ɓari sai ka ji kara a ƙasa, tas! In tsaya in gyara. Ranar farko kafin tara ta yi karan ya karye, ta aika aka kawo wani. Da yamma kuma in je gidanta ƙarin darasi. Ta nuna kaza ta ce, "Mece ce wannan?" In ce kaza ne. Tas! Ta nuna zakara, in ce zakara ce, don na ɗauka yanzu komai ce ne. Tas! Wata rana ta sa aka dama koko aka zubo a ƙoƙo aka ajiye a gabana, ta ce ba zan sha ba sai na ce koko a ƙoƙo. Ina ta koko a koko, koko a koko, har ya huce ya yi fata. Ranar da maƙogwarona ya buɗe ƙ ɗin ya fito, matan gidan guɗa suka yi, maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Zamanta a ajin ya yi mana wani amfanin. Ta san ranar da kowane yaro ya faɗo duniya. Uba ya ce ɗansa bai isa ba, sai ta ce, "Haba Garba, wanda aka haifa shekarar da rafi ya ci gonar kawunka?" Rajistarmu ta zama wadda ta fi ta kowa gaskiya a yankin.

Darasin da ba na mantawa na ranar Alhamis ɗin farko ne. Na gama koyar da ƙirga, na kaɗe hannu, na ce, "To yara, darasi ya kare." Sai Muhammadu Kawai ya ce, "Wau!" Wani ya amsa, "Wau wau!" Nan take aji ya rikice da haushi, har karnukan gari suka amsa daga nesa. Gwaggo ta kifa kai a gwiwa, ko karan ta kasa ɗagawa. Na kai hannu ga tsumagiya, sai na hango Malam Haruna a taga yana girgiza kai. Da aka tashi ya ce, "Tun Litinin suke tsoronka, yau suka daina. Kada ka mayar da su. Yi amfani da kuskuren nan naka."

Washegari na zana kare a allo, na rubuta k a ƙarƙashinsa. Gefe na zana kwanon da tuwo ya ƙare, na rubuta ƙ. Na ce, "Ni zan koya muku rubuta su, ku ku koya mini faɗar su. Duk wanda ya kama ni na yi kuskure, shi zai buga ƙararrawar tashi." Jama'a, ban taɓa ganin aji mai kasa kunne irin wannan ba. Ba mai gyangyaɗi, kowa jira yake Malam ya zame. Doki da ɗoki, baki da baƙi, duk a bakina suka koye su. Da sufeto ya zo ya tarar da 'yan mata sun cika layi uku, suna rubuta baƙaƙe masu lanƙwasa a yashi. Ya nuna bayan aji ya ce, "Waccan ɗalibar fa, ba ta yi girma ba?" Malam Haruna ya ce, "Ranka ya daɗe, sufetonmu ce ta cikin gida." Gwaggo ta ce, "Ya gama duba nasa ya ba ni wuri." Ba a rage kowa ba.

Sauran aikin a hankali na tsince shi. Sati na farko ba na karatu ba ne. Ka nuna wa yaro inda zai kama ruwa, inda randa take, ka haddace sunansa cikin kwana uku, don yaron da malami ya kira da suna ba ya gudu. Mai kuka kada ka lallashe shi a gaban aji, ba shi gwangwanin 'ya'yan tsamiya ya raba wa 'yan uwansa. Ranar kasuwa kada ka fara sabon baƙi. Iyaye kuma kowa da abin da ya kawo shi. Wani Bafulatani, Jauro Bello, ya zo bayan wata ɗaya da kwalbar maganin shanu, ya miƙa wa ɗansa ya ce ya karanta. Yaro ya duba ya duba, ya nuna wuri ɗaya ya ce, "Baffa, wannan baƙin b ne." Jauro ya ce, "Wata guda, baƙi guda?" Na ce, "Jauro, maraƙin wata guda yana jan garma?" Ya ce, "Ka iya magana, Ɗan Gana." Ya bar mana yaron, ya aiko da nono.

Shekara ta bakwai ita ce mummunar. Kuɗin mai ya ja baya, alli ya daina zuwa, muka koma murza farar ƙasa muna shanyawa. Ana cikin haka rediyo ta ce baƙin da ba su da cikakkun takardu su bar ƙasar. Daga baya aka ce malamai na iya zama in takardunsu sun cika. Na ce ai ni lafiya lau. Na jawo akwati daga ƙarƙashin gado na buɗe, sai ƙasa. Shekara bakwai ina rataye rajistar makaranta a sama, nawa takardun na bar wa gara a ƙasa. Fasfo ɗin ma bango kawai ta rage mini, da rabin kunnena a hoto. Ba yadda za a yi sai na koma Gana na sake wasu.

Na bar aji a tsakiyar shekara, muna kan baƙin m. Malam Haruna ya haɗa su da nasa. Gwaggo ta tsufa sosai lokacin, ta daina fita. Na je sallama ta ce, "Ka je ka dawo. Kada ka bari mutanenku su lalata mini aiki."

Wata bakwai na yi a Kumasi ina bin layi. A gida kuma aka mayar da ni abin kallo, uwata ta riƙa kiran maƙwabta su zo su ji ɗanta yana magana kamar rediyo. Sai ga wasiƙar Malam Haruna, tare da takardar neman a dawo da ni, iyaye sun dangwala yatsa har bayanta. Da ita da sabon fasfo na kamo hanya, na auna in iso ana saura kwana uku a buɗe sabuwar shekara.

Mota ta lalace mana sau biyu. Na kwana Gwaram ana gobe buɗewa, da sassafe na kama hanya a ƙasa, da kwalin alli da na saya a Kano a kaina. Na tarar rafi ya kawo. Na tuɓe takalmi na riƙe a hannu na shiga, ruwa har ƙirji. A tsakiya santsi ya ɗebe ni, ya zama ko alli ko takalmi. Na saki takalmi.

Na isa makaranta hantsi ya yi, ba takalmi, taɓo har gemu. Tun daga nesa nake jin kukan sababbin shiga, wallahi kamar ana yi mini kiɗa, na ƙara sauri har ina haɗawa da gudu. Malam Haruna na tsaye a tsakiyar fili, hula a karkace, yara biyu na riƙe da rigarsa. Ya ɗago ya gan ni. Na buɗe baki zan yi sallama, ya miƙo mini rajista.

Ya ce, "Masu kuka goma sha huɗu ne. Biyu sun haye tsamiya. Wancan mai jar riga ya cije ni. Karɓi. Sannu da zuwa sai an tashi."

Na ajiye alli, na haye tsamiya na sauko da biyun. Mai jar riga kuwa kafin azahar ni ma ya same ni, a nan, gindin babban yatsa, ku duba tabon. Sunansa Sabo. Shi ne yanzu yake auna mini hawan jini a asibiti. Duk sanda ya kamo hannuna sai na ce, "Likita, a hankali, na san haƙoranka."